Geron Abarci Ya Ga Teku

In ka shiga kasuwar Dakoro ta gefen masu hatsi, za ka ga wani dogon mutum mai furfura a gemu, zaune bisa buhu, da 'yar albasa da tattasai a gabansa. Mijinyawa ke nan. Sunan ya same shi ne don shi kaɗai ya zo namiji bayan jerin mata, kuma daga shi uwarsu ba ta ƙara ba. Ya fi shekara ashirin a Kwatano yana sayar da albasa, har ya yi rumfa tasa ta kansa a babbar kasuwa, kamyo, babbar motar kaya, na sauke masa buhuna. Ran nan sai kawai aka gan shi ya sauko a tashar Dakoro da mata da ɗiya da katifu. Tun daga ranar tambaya guda ke binsa: "Wai mi ya koro ka daga bakin teku?"

Mutanenmu kuwa, in ba ka ba su amsa ba, su za su ƙera maka. Wasu suka ce karyewa ya yi. Wasu suka ce 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, suka cinye shi. Wata tsohuwa ma ta rantse aljanar ruwa ce ta nemi aurensa. Shi dai dariya yake, ya ce zafi ne.

"Zafi?" in ji su. "Kai da aka haifa a Dakoro?"

"Ku ba ku san zafi ba," in ji shi. "Namu mai kunya ne, in ka shiga inuwar itacen bedi sai ya ƙyale ka. Na can ɗaki yake bin ka. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka jiƙe. Zufa ba ta bushewa, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Takalmin Idi ka aje, wani Idin ka ciro shi ya yi gemu. In lantarki ya ɗauke kuwa, yara su yini suna susar ƙuraje."

Duk gaskiya ne, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma mutumin da ya jure wannan shekara da shekaru, ba zufa ce za ta ɗaga shi rana ɗaya ba. Abin da ya ɗaga shi damin gero ne guda, ƙarami, wanda yaro zai iya rungumewa.

Geron gidansu ne. Kakansa Abarci ya zaɓo shi tun zamanin da ya sari gona a wata jigawa arewa da gari, kan hanyar Azagor, inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara. Gero ne marar kyan gani: gajeren kara, gajeriyar zangarniya, ga gashi mai tsini wanda tsuntsu ba ya son sa baki. Amma yana da hali guda. Ba ya jiran damina ta gama shawara. Ruwa kaɗan ya ishe shi, kafin geron mutane ya yi bunni, wato fure, shi ya nuna. Furarsa kuma tana da wani ɗan gardi da ba ka mantawa.

Uwar Mijinyawa, Inna Bilki, ita ta riƙe irin bayan mazan gidan sun ƙare. Kafin girbi take shiga gona da 'yar wuƙa, shi yana biye da ita, tana duba zangarniya ɗaya ɗaya, tana yanke waɗanda suka cika suka yi gashi sosai. Ta ɗaure su dami, ta rataye a tsakar rufin ɗakinta. A wata shekarar yunwa, yana yaro, sun kai ga cin ganyen tafasa da gishiri, ga dami bisa kansu yana lilo. Ya taka turmi ya miƙa hannu. Bai san inda ta fito ba, sai jin dukan ludayi ya yi a bayan hannu.

"Sauka!" in ji ta. "Wanga ba abinci ba ne. Iri ne."

Ya yi kuka har ya gaji, ita ma ta juya baya ta share ido, amma damin bai ragu da ƙwaya ɗaya ba.

Da ta rasu, ya zo daga Kwatano aka yi zaman makoki. Shekarar ma ba ta yi kyau ba, rumbu wayam. Yayyensa duk suna gidajen aure, daga Kornaka sai Bader Goula, gidan za a rufe ne. Ya ɗaga kai ya ga damin ƙarshe da ta ɗaure da hannunta. Ya ce a ransa, in ya bar shi nan, ko ɓera, ko gara, ko wani mai jin yunwa. Sai ya naɗe shi cikin zanenta ya tafi da shi. Can ya sami ƙusa ya buga a katakon rufi, ya rataye shi daidai yadda ya ga tana yi.

To, nan fa ya yi wautar da sai ɗan ƙasarmu zai yi ta. A wurinmu, abin da ka rataye sama ya tsira. Iska busasshiya ce ke gadinsa, ya shekara biyu, uku, lafiya lau. Wa ya taɓa gaya masa akwai garin da iskarsa ruwa ce? Shi dai kullum in zai fita ya ɗaga kai ya dubi ƙunshin, ransa ya yi sanyi, ya ce amana tana nan.

Matarsa Mas'uda ce ta gano. Ita 'yar zangon Kwatano ce, can aka haife ta, iyayenta mutanen Maraɗi, kuma bakinta ba ya ɓoye abin da hancinta ya ji. Wata safiya tana shara ta tsaya ta ce, "Maigida, wai kayan nan na Inna ba a sauke su su sha rana? Wallahi ɗakin nan warin tsohuwar rijiya yake."

Ya sauke ƙunshin yana faɗa-faɗa. Ya kwance zanen. Fumfuna ta rufe zangarniyun, toka-toka, wasu sun yi baƙi, ƙwari ƙanana suna ta gudu. Ya murza ɗaya, ta zube gari a tafinsa. Babban mutum, mai rumfa, sai ga shi zaune a ƙasa yana salati, hawaye na bin gemu.

Mas'uda ba ta tsaya lallashi ba. Ta zaɓi waɗanda suka fi dama, ta shanya su bisa kwanon rufi duk sa'ad da rana ta leƙo, ta murje tafi guda ta zuba cikin jiƙaƙƙen tsumma, ta rufe da ƙwarya. Bayan 'yan kwanaki suka buɗe. Yawanci sun ruɓe. Amma can da can, ga wasu 'yan fararen saiwoyi sun leƙo, sirara kamar zare.

"Da sauran rai," in ji ta. "Amma ba zai ƙara shekara a garin nan ba. Ka aika wa Yaya A'ishatu ta shuka."

A'ishatu ita ce babbar yayarsa, tana aure a Kornaka. Ya girgiza kai. Idonta ya fara dushewa, kuma gonar mijinta tana tsakiyar gonakin mutane. Gero kuwa ba shi da kamun kai. Iska ta kaɗa bunnin maƙwabta bisa nasa, damina biyu sai ka neme shi ka rasa, ya zama geron kowa. Ba banza Abarci ya yi gonarsa can ita kaɗai ba. Sai jigawar nan, kuma sai wani ya zauna kanta ya kori dabbobi, ya zaɓi iri da idon da aka koya masa.

"To wa ke nan?" in ji Mas'uda, tana kallonsa.

Ya dafa ƙirjinsa. Sai ta ce, "Ni dai ban iya daka ba, ka sani tun yanzu. Kuma in aka yi mini dariya, kai zan rama wa."

Kada wani ya ce abin ya zo musu da sauƙi. Rumfar nan jininsa ce, tun yana tura amalanke ya fara. Abokan kasuwa suka taru a kansa: ka bar ciniki a buɗe don gero ruɓaɓɓe? Ka sayi buhun iri mana, ko na gona goma kake so! Yara suna karatu a lakwal, uwar Mas'uda tana kuka za a kai mata ɗiya daji. Shi kansa sai da ya je bakin teku ya tsaya yana kallon ruwa yana tunani, don ya san zai iya barin komai ya je ya shuka, ƙasa ta haɗiye ta yi shiru. Amma damina ta kusa, kuma iri ba ya jiran mai shawara. Ya bar wa wani ɗan garinsu rumfar, suka hau mota.

Jigawar ta koma saura, sabara da ƙalgo sun cinye ta. Hannun da ya saba da ƙirga buhu ya kama gatari, ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Maƙwabta suka yi binne, wato shukar da ake yi cikin busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Shi ya ƙi, ya ce irinsa majinyaci ne, ba zai iya kwanciya cikin rairayi mai zafi ba. Aka yi ruwan farko, ɗan yayyafi, kowa ya ruga gona, shi yana zaune. Sai da aka yi ruwan da ya tona ya ji laima har gwiwar hannu, sannan ya ɗauki sungumi. Yana sara, Mas'uda na biye tana zuba iri, tana rufewa da diddige, tana mita rairayi ya shiga mata ko'ina.

Da tsiro ya fito, kai, abin tausayi! Rami goma babu, ɗaya da ɗan kore. Masu wucewa suka ce gonar ɗan Kwatano ta yi sanƙo. Ya ji, ya haɗiye. Ya kafa bukka a gefen gona ya tare.

Gonar tana bakin burtali, hanyar da dabbobi ke bi su hau arewa. Ran nan sai ga garken Intalla, wani Buzu makiyayi daga wajen Azagor, raƙuma da awaki, ƙura ta tashi. Mijinyawa ya ruga ya tsaya gaban shukar ya buɗe hannuwa kamar mai tare ɓarawo. Intalla ya sauko, ya dubi 'yan tsiron, ya dube shi, ya kwashe da dariya.

"Aboki, wannan kake gadi? Akuyata ɗaya ba za ta ƙoshi ba."

"Geron Abarci ne," in ji Mijinyawa. "Shi ke nan ya rage a duniya."

Dariyar ta tsaya. Intalla ya gyara rawaninsa ya ce ubansa ya sha ba shi labarin geron nan. Da cuku suke zuwa su musanya, don shi ke fara nuna lokacin da kowa ke cikin yunwa. Ya juya ya daka wa dabbobinsa tsawa, ya zagaya da su ta bayan tudu. Daga ranar duk makiyayin da ya biyo burtalin ya riga ya ji saƙo, sai ya ratse.

Damina ta yi halinta, ruwa ya ɗauke da wuri. Geron mutane da yawa ya tsaya da bunni a ka. Na jigawa kuwa, ɗan abin da ya tsira, ya riga ya cika, gajere, mai gashi, tsuntsaye na zagayawa suna tsaki. Ba shi da yawa. Duka gonar ba ta fi a ɗauka a ka ba. Yaransa suka roƙi tumu, zangarniyar sabon gero da ake gasawa a wuta a murje a ci, wadda kowane yaron ƙasar nan ke jira duk shekara. Ya hana. Mas'uda ta ce ko ɗanɗane a ba ta, ta ji abin da ya raba ta da garinsu. Ya hana ta ita ma, ta yini ba ta yi masa magana ba.

Sai ga Yaya A'ishatu an kawo ta bisa amalanke daga Kornaka, don labari ya kai mata. Ta tsufa ƙwarai, ido sai alama. Aka zaunar da ita bakin bukka. Mijinyawa ya durƙusa ya gaishe ta, ya shiga gona ya yanko zangarniya mafi cika, ya sa mata a hannu.

Ta shafa ta daga gindi zuwa kai. Gashin ya soke ta a yatsa, ta ɗan zabura, sai ta sake shafawa a hankali. Ta kai hanci.

"Shi ne," in ji ta. "Wayyo Inna. Shi ne, auta."

Mijinyawa ya kasa riƙe kansa. A gidansu tumun farko na babba ne, kuma yanzu ita ce babba, ita ce ta rage masa a madadin uwa. Ya tara 'yan karare ya hura wuta, ya ce, "Kawo, Yaya, in gasa miki. Wannan ɗaya dai taki ce."

Ya miƙa hannu zai karɓa. Tsohuwar da ba ta gani, ko ta yaya ta auna, sai ji kake tau a bayan hannunsa.

"Ka haukace?" in ji ta. "Kashe wutar nan. Wanga ba abinci ba ne."

Ta naɗe zangarniyar a bakin mayafinta ta ƙulle tam. Mas'uda ta fashe da dariya, tana share ido da gefen zane. Shi kuwa ya zauna a rairayi, gemu duk furfura, yana murza bayan hannunsa, daidai wurin da ludayi ya taɓa sauka.