Kifin da Gwaggo Ta Shanya

Wata Alhamis ce a tsakiyar zafin shekarar 1998, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Baba ya tsayar da farar motarsa mai buɗaɗɗen baya a ƙofar gidanmu a unguwar Ƙurban, rana ko gama fitowa ba ta yi ba. Daga Yanbu yake, garin bakin teku, inda yake saro kifi ya kawo wa 'yan uwanmu Hausawan Madina. Ya ɗaga murfin babban akwatin, sanyi ya bugi fuskata, sai ga kifaye jere cikin ƙanƙara, wani ya kusa kai tsawon ƙanena Habu. Masuntan can suna ce masa anfalus, yanzu kuma na ji ana kiransa mahi-mahi. Dogo ne mai faɗin gefe, da ƙaya guda shimfiɗe a bayansa tun daga kai har wutsiya, namijin kuwa goshinsa a tsaye yake kamar an sare da wuƙa. Kayan ranar gaba ɗaya na gidan Gwaggo Rabi ne, ana sunan jikanta, kuma Baba bai taɓa samun ciniki mai girman wannan ba.

Baba mutum ne da in ya fara zancen kifin nan sai shayinsa ya huce. Ya ce a cikin ruwa kore ne da ruwan zinare da shuɗi, amma da ya mutu launin zai gudu, ya koma toka-toka irin yadda muke ganinsa. Ya ce yana son inuwa, duk inda gungume ko tsohon katako ke yawo a tsakiyar teku, leƙa ƙarƙashi za ka same su a tare. Masunci mai wayo in ya kama na farko ba ya fito da shi, barinsa yake a ƙugiya, sauran ba za su watse su bar shi ba. Abu ɗaya ne Baba ba ya wasa da shi, kuma mun ji shi har mun haddace: "Wannan kifin daga ruwa sai ƙanƙara, daga ƙanƙara sai wuta." Aikina ke nan kafin in tafi makaranta, in fasa dunƙulen ƙanƙara da guduma a tsakar gida, in cusa a cikin kowane kifi, yatsuna su ƙage, Habu na gefe yana satar gutsure yana tsotsa.

Gwaggo Rabi ƙanwar kakanmu ce, ita ta riƙe Baba tun yana maraya, ita ta goyo shi a hanyar zuwa ƙasar nan. A bakin kogi ta tashi can Nijar, don haka a ganinta ba wanda zai koya mata kifi. Da aka sauke akwatin a gidanta Baba ya koma ya kwanta, ni aka bari in taya aiki. Ta taɓa kifin ta yamutsa fuska. "Kifin ƙanƙara ba ya jin yaji," in ji ta, "a kai sama ya sha iska." Aka yanka gunduwa-gunduwa, aka barbaɗa gishiri, aka shimfiɗa a tabarmi a saman soro, yadda suke yi wa tarwaɗa a garinsu. A zafin Madina fa, wanda ko takalmin roba ka manta a waje sai ya lanƙwashe. Na ruga gida in faɗa wa Baba, Umma ta tare ni a ƙofar ɗaki, ta ce in bar bawan Allah ya huta, ni da aka haifa jiya zan fi Gwaggo sanin kifi ne? Haka kifin ya wuni a can har la'asar.

Abin haushin, bai yi wari ba. Aka soya, aka ɗora a kan sayadiyya, shinkafar nan mai albasa da ake ci da kifi, mata suka zauna a faranti-faranti suna santi. Wata ta ce akwai ɗan yaji-yaji a harshe, aka ce ai hannun Gwaggo ne. Ba a gama wanke hannu ba aka fara soshe-soshe. Wannan fuskarta ta ɗau zafi, waccan leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso wa yara, maijego ta riƙe kai tana cewa ƙirjinta na bugawa. Aka kwashi mutane mota-mota zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya kwana a can. Likita ya ce kifi ne da ya daɗe cikin zafi, kuma irin wannan ko an soya shi ba ya gyaruwa. Mutane suka ji "ya daɗe cikin zafi", suka tuna doguwar hanyar Yanbu, shi ke nan. Kafin Juma'a ta zagayo, daga Ƙurban har Aƙiƙ an san Baba ya sayar da ruɓaɓɓen kifi a gidan suna.

Na same shi yana wanke akwatin, na zayyana masa komai, tabarmi da soro da la'asar. Na zaci zai tashi ya zaga gida-gida ya wanke kansa. Ya ci gaba da wankinsa ya ce, "Na ji. Kada in ƙara jin wannan a bakinki, ko a wurin uwarki." Na ce to ai sunansa ake ɓatawa. Ya ce matar da ta goya shi ba za a nuna ta da yatsa ba yana raye. Wallahi ranar kuka na yi na baƙin ciki, na je bayan gida na harbi bokiti har babban yatsana ya fashe. A makaranta kuwa abin ya zama wasa. Ina shiga layin tsallen igiya sai yara su hau sosa jiki suna dariya, suna kirana "bintul hakka", wato 'yar ƙaiƙayi. Ga amsa a bakina, cikakkiya, an hana ni faɗa.

Baba bai saki nan da nan ba. Ya ci gaba da zuwa Yanbu, ya ninka ƙanƙara, ya riƙa buɗe akwatin a ƙofar masallaci don kowa ya gani da idonsa. Ya soya ya aika gidaje kyauta, aka riƙa dawo da kwanon a rufe ana cewa an gode, an ƙoshi. Mu muka ci anfalus safe da rana har Habu ya fara ɓuya in ya ji ƙamshin mai. Kafin sanyi ya shigo ya sayar da akwatin, ya koma jigilar dabino a gonar wani. Ranar da ya je shaida wa Gwaggo ya bar sana'ar kifi, ina tare da shi. Ta gyara zama ta ce, "Ai na faɗa maka tun farko, kifin nan ba na kirki ba ne." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Gwaggo." Na ciji leɓena har na ji ɗanɗanon jini.

Yau kifin nan yana manyan kantunan unguwar Aziziyya, kwance a kan ƙanƙara a bayan gilashi, jikokin matan da suka dawo mana da kwano suna layi suna saya. Gwaggo ta rasu, Baba ma ya bi ta, bai sake ganin teku ba. Bara a wani biki wata tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce, "Ke ba 'yar mai ruɓaɓɓen kifin nan ba ce?" Ba sauran wanda zan rufa wa asiri, zuciyata ta taso, na buɗe baki zan amayar da abin da na haɗiye tun ina yarinya. Sai na ji na ce, "Ni ce, Hajiya," na miƙa mata ruwa. Har yanzu ina jin haushin Baba, kuma har yanzu maganarsa nake bi.