Takin da Na Kai Fadamar Yayana

Ni na kai ciyawar aya-aya fadamar yayana, da hannuna, ina kuma murna.

Fadamar tana bayan Jiga Birni, gadon mahaifinmu ce. Da ya rasu sai muka bar wa Yaya ita, don shi ya tashi a cikinta, ni kuwa karatu na bi har na zama malamin firamare a Jega. Albasa yake nomawa duk rani, kamar kowa a wajenmu. Ba ta da girma, amma ƙasarta baƙa ce mai taushi. Da ita yake ciyar da gidansa da tsohuwarmu.

Wata shekara da kaka na je gida na tarar yana kukan taki. Fulanin da suka saba sauka da shanu kusa da shi sun canza hanya, takin zamani kuma ya fi ƙarfinsa. Da na koma Jega sai na ga wani fili da ake ɗaure dabbobi ranar kasuwa, taki ya taru a ciki haɗe da ƙasa, mai filin yana neman wanda zai kwashe. Na sa aka loda mota guda, na shiga gaba na raka ta har bakin fadama.

Yaya ya ɗebi takin ya murza a tafin hannu. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a ciki, kamar ƙananan aya. Ya daɗe yana kallonsu.

"Malam, ina kas samo wanga taki?" Malam yake ce mini tun da na fara koyarwa.

Na gaya masa. Ya dubi direba, ya dubi maƙwabtan da suka zo ganin mota, sannan ya ce, "To, Allah shi saka da alheri. A sauke."

Sai daga baya na fahimci ya gane abin tun a ranar. Bai so ya mayar da ni da kayana a gaban mutane ba. Ya ɗauka zai iya tsince ƙwayoyin kafin ya baza, ya kuwa tsinci masu yawa, amma ba duka ba.

Bayan dashe da 'yan kwanaki ciyawar ta fito, siririya, kore shar, tana sheƙi fiye da albasar. In ka nome ta yau, kafin kwana uku ta dawo. A ƙasa ƙarfinta yake. Kowace ƙwaya tana miƙa zare ta haifi wata, waccan ma ta haifi wata, in ka ja ganyen sai ya tsinke a hannunka ya bar uwar a kwance. Da aka haƙe albasa a shekarar, kawunan ba su wuce ƙwan zabo ba. Wasu ma zaren ciyawar ya huda su ya fita ta ɗaya gefen, suka ruɓe tun kafin a kai su kasuwar Aliero.

Shekara ta biyu na sayo maganin feshi. Ganyen ya ƙone ya yi ja, muka ɗan samu numfashi, bayan mako biyu sabon tsiro ya cika kwamin albasar kamar an shuka shi. Na canza wani maganin, wannan kuma albasar ya taɓa.

Wani dattijo ya ce mana rana ce kaɗai ke kashe ƙwayar. Da bazara, lokacin da na samu hutu, muka haƙe fadamar da kalme, wato fartanya, kwami bayan kwami, muna juya ƙasa. Matar Yaya ta kawo tsohuwar rariya muna tankaɗe ƙasar kamar gari. Muka tara ƙwayoyi tsibi-tsibi muka cinna musu wuta. Azumi ne a lokacin, leɓunanmu duk sun tsage. Ruwan farko na sauka ciyawar ta sake fitowa, ba ta ma ragu sosai ba.

A shekara ta uku ta bi magudanar ruwa ta shiga fadamar maƙwabcinmu na gabas. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya dai toshe magudanar da muke tarayya a kai tun zamanin iyayenmu, ya kuma daina aron kalme a wajen Yaya.

Ran nan muna zaune a kan kunya na ce, "Yaya, ni na jawo maka wannan."

Bai ɗago ba, yana kankare ƙasa daga ƙafarsa da tsinke. "Bari wanga zance, Malam. Ni na ce a sauke."

"Da ka gaya mini a ranar."

"Da na gaya maka, da ba ka sake kawo min komi ba," in ji shi, ya miƙe ya nufi injin ban ruwa.

Ya ƙara yin rani ɗaya, rabin fadamar kawai ya dasa. Bayan nan ya nemi wanda zai karɓe ta aro, duk wanda ya zo ya ga ciyawar sai ya yi godiya ya tafi. Ya sayar da injin ya sayi tsohon babur, yanzu kabu-kabu yake yi a Maiyama, sai ƙarshen mako yake komawa gida. Ya haura hamsin, bayansa yana ciwo, hanyoyin kuma ba su da kyau.

Da sallar da ta wuce na leƙa fadamar. Awaki ne a ciki, su ma ba sa son ciyawar sosai, sai su gutsura su wuce. Ciyawar ta tsallake fadamar maƙwabcin gabas ta kama ta gaba da ita. Da na dawo gida Yaya ya tambaye ni ina na je, na gaya masa. Ya ce in bayansa ya yi sauƙi yana so ya sake haƙe ta da bazara. Matarsa tana gefe tana tsince shinkafa. Na ce masa zan zo in an yi hutu.