Uwargidan Bayan Labule

Mijina saboda takarda ya aure ni, kuma ban taɓa riƙe shi da wannan ba, domin ni ma ba don kyansa na yarda ba. Gajere ne siriri, mutumin tsibiran Filibin, irin waɗanda mutanen Makka ke tarawa da duk mai kama da su a kira su Jawa. Ya zo aikin hajji bayan yaƙin duniya, kuɗin jirgin komawa suka ƙare, ko kuma shi ya ga dama suka ƙare, ya kama hayar zauren gidanmu a unguwar Zahir yana ɗinka ɗamarar da alhazai ke ɓoye kuɗi a ciki. Ni kuwa a nan aka yanke mini cibi. Kakana ne ya tako daga Kano da ƙafa, saboda haka muna da tabi'iyya, takardar 'yan ƙasa. A lokacin ni bazawara ce, ina sayar da soyayyar gyaɗa a bakin kasuwa, in lokacin hajji ya zo in tafi Arfa in dafa wa alhazai shinkafa.

Da hukuma ta fara tsananta neman iƙama, takardar izinin zaman baƙi, ana kwashe marasa ita ana sa su a jirgi, sai Baba ya kira ni. Ya ce telan nan yana biyan haya a kan lokaci, ba ya fashin jam'i, kuma in ya zama surukin gida ya samu kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, ba mai taɓa shi. Ya ce ba dole, in yi tunani. Na yi tunanin kafin gyaɗar da ke kan wuta ta soyu. Ba ya shan shisha, ba ya ɗaga murya, sannan babban abin, ba shi da kowa a ƙasar nan. Ba uwar miji, ba ƙannen miji, ba gwaggon da za ta leƙa mini tukunya. Na daɗe ina yaba wa kaina wannan wayo.

Bayan ɗaurin aure ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa, kuma na shaide shi bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce ya auri 'yar Makka haifaffiya, haka ne. Ya ce ubanta yana da gida, haka ne, ɗaki biyu da zaure, rufin kwanon garwar kananzir. Ya ce danginta 'yan kasuwa ne, haka ne, yayana tsire yake gasawa. Abin da ya manta bai rubuta ba shi ne launin fatata, da kuma cewa kasuwancin nan duka a faranti ɗaya ake ɗaukarsa.

Amsa ta zo da jirgin alhazai na shekara mai zuwa. Tun daga nan na gane dangin da ke nesa ba sa leƙa tukunya, tukunyar gaba ɗaya suke aiko a ba su. Rufin gidan mahaifiyarsa yana yoyo. Ƙanensa zai yi aure, kuma a can, in ji shi, kuɗin aure ba wasa ba ne. Wani ɗan'uwa yana son agogo, wata tana son zobe. A ƙarshen kowace wasiƙa kuma akwai layi ɗaya da yake karantawa da sauri: tsohuwar tana roƙon a aiko mata da likkafani da aka tsoma a ruwan Zamzam. Shi kaɗai ne abin da take nema don kanta, shi ne mafi araha, kuma shi kaɗai ne bai taɓa aikawa ba. Ya ce hannunsa ba zai iya naɗe likkafanin uwarsa tana raye ba.

Sauran kuwa muna aikawa. Ɗinkinsa ba ya isa, sai a taɓa kuɗin gyaɗa, sai awarwarona suka fara tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ina mita, yana sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri, da Hausarsa da ba ta wuce ta gaisuwa da ban haƙuri ba. A wannan tsakanin ne, ban san ranar ba, na lura ina ajiye masa ƙanzon shinkafa saboda yana so, shi kuma yana tashi ya hura mini gawayi kafin in farka. Baba ya rasu, yayana ya karɓi kafalar, muka ci gaba da zama.

A shekara ta huɗu wasiƙar ta zo da ƙafafunta. Kawunsa ne, ƙanen mahaifiyarsa, dattijo mai gemu ƙwaya goma da Larabcin makarantar allo. Ya sauka a zaurenmu. Ni na fito na karɓi akwatinsa na ɗora a ka, na kawo ruwa, na kawo shayi, kamar yadda ake yi wa baƙo a gidanmu. Ban san kuskure nake yi ba. Matan manyan gidajen Makka baƙo ba ya ganin ko yatsarsu, kuma a zamanin nan har yanzu akwai bayi a gidaje da yawa, galibinsu kalata. Dattijo ya dube ni, ya dubi labulen da ke ƙofar ɗakinmu, ya gama haɗa labarinsa. Ya tambayi mijina ko uwargida tana lafiya, ya kuma yaba da cewa baiwarta tana da kuzari.

Ina tsaye da buta a hannu. Na jira. Mijina ya ce uwargida tana lafiya.

Da muka keɓe na tambaye shi me ke nan. Ya ce wata ɗaya ne kawai, in hajji ta wuce kawu zai tafi. Ya ce in labari ya koma gida mahaifiyarsa za ta... bai ƙarasa ba, ni ma ban taimaka masa ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ciwon da ban zaci auren takarda zai iya jawowa ba. Da na so, da na fita na faɗa da bakina, Larabcina ya fi na su biyun a haɗe. Amma na rantse a raina ba ni zan gabatar da kaina a gidan ubana ba. Wanda ya biya sadaki shi zai faɗa, in kuwa bai faɗa ba, to na san matsayina, kuma yayana zai san abin da zai yi da kafalarsa.

Haka muka yi wata guda da uwargida. Rufin garwa bai dami kawu ba, ya yanke wa kansa hukunci cewa masu arzikin garin Allah ba sa son nuna wa duniya. Kullum da safe sai ya tsaya nesa da labule cikin ladabi, ya yi sallama, ya yi wa uwargida addu'a da iyayenta. Abin da ke bayan labulen gadonmu ne, da buhunan gawayi biyu, da akuyar da nake ɗaurewa a can in rana ta yi zafi. Rashin amsawarta ya ƙara mata daraja a idonsa, ya ce bai taɓa ganin kunya irin wannan ba. Ya fito da tsaraba, wani zane mai ruwan shuɗi da rawaya wanda mahaifiyar mijina ta saƙa da hannunta don surukarta. Ya miƙo mini in kai ciki, sai ya janye, ya ce in fara wanke hannu. Na wanke.

Ranar Arfa ina gaban tukwane tun hantsi, hayaƙi a ido, rana a ka, alhazai suna kuka suna neman gafara ni ina neman ludayi. Abin da na samu a kwanakin nan shi ya sayi agogo, da dabino, da darduma, da keken ɗinki na hannu da ƙanwar miji ta nema. Kawu ya karɓa a matsayin alherin uwargida, ya je gaban labule ya yi godiya mai tsawo. Akuya ce ta amsa masa a ranar, ya yi kamar bai ji ba.

Safiyar da motar Jidda za ta kwashe su, an ɗaure kaya, na kawo shayin sallama. Kawu ya gyara murya ya juya Larabci don uwargida ta ji daga ciki. Ya ce abu ɗaya ya rage. Yayarsa ta tsufa, ba ta iya ɗebo ruwa. Ya lura da baiwar nan wata guda, ba ta da ƙiwa, ba ta da surutu, ba ta cin abinci da yawa. Gida irin wannan ba zai rasa wata ba. In uwargida ta yi kyautarta ga surukarta, shi zai biya kuɗin jirgi.

Ban ajiye faranti ba. Mijina na kalla, ba kawu ba. Ya daɗe yana duban kofinsa har na fara tunanin me zan ce wa yayana. Sai ya tashi, ya je ya kama labulen ya yaye shi gaba ɗaya, ƙusa ɗaya har ta fita. Ga gado, ga gawayi, ga akuya tana tuƙa.

"Kawu, babu kowa a nan," ya ce da Larabci. "Ga matata. Gidan ubanta ka kwana, guminta ka ɗaure a kayanka."

Ya juyo gare ni ya ce, da Hausa, "Ki yi haƙuri." Kalmar da ya fi iyawa ke nan, amma ranar ce na fara jin ta shige ni. Na shiga ciki na ɗaura zanen nan mai shuɗi da rawaya, na fito na kwashe kofuna, ban wanke hannu ba. Mota ta zo. Duk da haka kawu bai bar ko ƙwayar dabino a baya ba, har da ƙullin gyaɗar da na sa masa don hanya.

Shekara ta zagayo, jirgi ya zo, babu wasiƙa. Wata shekarar ma haka. Na yi nasara ke nan. Awarwarona suka dawo hannuna, muka gyara rufi, har na ƙara akuya. Mijina kuwa, wanda da yake nishi in ya ga wasiƙa, sai ya koma zarya gidan muɗawwifin da ke saukar da mutanen ƙasarsu, yana bin alhazai yana tambaya ko an ba su saƙo. Ya dawo ya zauna gaban keken ɗinki ba ya taka shi. Ƙanzon da nake ajiyewa ya riƙa kwana a kwano. Na tsani nasarar nan kamar me.

Ban shawarce shi ba. Na sayi farin yadi, na kai Harami na tsoma a Zamzam, na shanya a inda alhazai ke shanya nasu, na naɗe da hannuna tunda nasa ba zai iya ba. Na samu wata hajiya 'yar garinsu na damƙa mata. Ban iya rubutu ba, saboda haka ban haɗa da komai ba.

Da hajji ta gaba ya shigo gida da gudu kamar yaro, takarda a hannu, ta fi duk na baya kauri. Ya zauna ya fara karantawa, kunya na kama shi a kowane layi. Rufi ya sake yoyo. Ƙane ya haihu, ana bukatar abin suna. Kawu yana son haƙorin zinariya irin na alhazai. Tsohuwa ta ce likkafani ya iso, ta sa shi ƙarƙashin matashinta, yanzu tana barci da kyau. Na tambaye shi wa aka rubuta wa wannan duka.

"Ke," ya ce. "Sun ce zuwa ga surukarmu."

Na ce to sun dai san gyaɗa nake sayarwa ko? Ya juya takardar ya duba ƙasa. Ya ce sun sani, kawu ma ya ce a haɗo da buhu guda, wadda ya tafi da ita ta yi daɗi.

Na zage shi, na zagi kawun, na zagi tekun da ta kasa tsare ni daga dangin miji. Sannan na zauna kusa da shi na fara zare awarwarona, ina kuka, kuma wallahi ba na baƙin ciki ba ne.