Mangwaron Inna da Wayar Ƙaya

Shekara talatin da biyar na yi a ofishin safiyo ina auna filayen mutane, ina kafa musu turakan siminti, amma ni ban mallaki ko taku ɗaya na gona ba sai da na yi ritaya. Kuɗin sallama na fitowa na sayi fili a wani ɗan ƙauye da ke bayan Namtari, in ka bar kwalta ka gangara ta hanyar ƙasa. Maiɗakina ta ce tsufa ne ya zo mini da rigima, mutumin da bai san gero da dawa ba sai a cikin kwano. Na ƙyale ta, don ni na san ba noma ne ya kai ni ba, mangwaro nake nema wa wurin zama.

A gidanmu na cikin Yola akwai wata bishiyar mangwaro da Inna, mahaifiyata, ta shuka shekarar da ta haife ni. 'Ya'yanta ƙanana ne masu zare, ba wanda zai tsaya ya taya su a kasuwa, amma zaƙinsu har cikin kunne. A ƙarƙashinta Inna take tsince shinkafa, a nan take yi mana aski da faɗa. Tana da wata al'ada da ke ba mu haushi muna yara: na farko da ya nuna ba ta bari ɗan gida ya ci, sai ta fita ƙofa ta ba duk wanda ya fara wucewa. Da ta rasu aka raba gidan, bishiyar ta faɗa rabon ƙanena, shi kuma shaguna yake so ya gina. Ban yi masa musu ba, haƙƙinsa ne. Kafin masu sara su zo na tara ƙwallayen shekarar ƙarshe, na shuka su a leda a bayan gidana na Dubeli. Goma sha biyu suka fito, kuma duk duniya su kaɗai suka rage na irin bishiyar nan.

Wannan kuwa a shekarun nan ne da Yola da Jimeta suka cika da mutanen da suka gudo daga Mubi da Michika da Madagali. A gidana ma sai da muka kwana mu fi ashirin, har a falo. Ana laluben mutum a ƙofar masallaci, ana lalubensa a ƙofar coci, in ka ga leda a gefen hanya sai ka sake tsallaka titi. Kowa ya ƙara tsayin katangarsa, masu walda suka yi kasuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Da wannan tsoron na garin na tafi ƙauye, ban bar ko kaɗan a gida ba.

Abin da na tarar can ya ɗaure mini kai. Rumbunan mutane a waje suke, ba katanga. Manomi zai bar fartanyarsa a kunya ya tafi gida, gobe ya same ta inda ya aje. Mai babur zai jingine shi a gindin tsamiya da makulli a jiki ya shiga fadama. Masallacin ƙauyen na ƙasa ne, cocinsu kuma na kwano, tsakaninsu bai fi jifa ba, awaki na kwanciya a inuwar kowanne ba su zaɓa. Jauro, wato mai garin, ya yanka wa iyalai da dama daga cikin masu gudun nan gonaki, ba takarda, sai dai ya nuna da sanda ya ce daga giginyar can zuwa shurin can. Ni da na ci abinci da igiyar awo, jin wannan kawai yana sa mini ciwon kai.

Amma wurin yana da kyau, wannan ban taɓa musu ba. Da hantsi duwatsun kudu kan fito shuɗi-shuɗi, balbela na bin shanu zuwa fadama, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Na gina ɗaki biyu da rumfa. In na zauna a rumfar da butar shayina, sai in ji kamar an sauke mini wani kaya daga wuya.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wata hanyar ƙafa ta ratsa filina ta gefen yamma, daga cikin ƙauye zuwa rijiyar fadama. Faɗinta bai wuce taku biyu ba, ƙafa ta daddaɓe ta har ta yi ƙyalli. Tun safe mata ke bi da jarkoki da tuluna, kowace sai ta gaishe ni, ta leƙa abin da nake yi. Na buɗe takardar filin na duba, ba hanya a ciki.

Gidan farko inda hanyar ta shiga ƙauye na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Dada. 'Yar siririya ce, ba ta da haƙora da yawa, amma bakinta ya fi na mai haƙora kaifi. Ranar da na kawo dashen mangwarona a bayan mota ina haƙa ramuka, ta sauke tulunta ta tsaya a kaina.

"Safiyo, sannu da aiki," ta ce, don sunan da ƙauyen ya laƙaba mini ke nan. "Wannan yara duka naka ne? Ba ni ɗaya mana, in sa a ƙofa na."

Raina bai so ba. Amma tsohuwa ce, kuma ga dukkan alama ba ta da niyyar tafiya. Na duba cikin ledojin na zaɓo wanda ya fi kowanne rama, ganyensa uku, biyu sun yi rawaya, wanda ni kaina na fid da rai da shi. Na miƙa mata ina jin kamar na yi wayo. Ta juya shi ta kalle shi, ta kalle ni.

"Useko," ta yi mini godiya da Fulatanci. "Marar lafiya ka ba ni. To, za mu gani."

Sha ɗayan na jera su gabas da hanyar, kowanne da ɗan kejinsa na ƙaya. Sai na fara lissafin akuya, da yara, da wanda ban sani ba da zai biyo hanyar nan wata rana. Na sayo waya mai ƙaya daga Jimeta, da ƙarafa, da ƙyauren ƙarfe da kwado. Da Jauro ya ji labari, shi da kansa ya tako har rumfata, ya zauna, muka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar yadda aka saba.

"Alhaji," ya ce, "fili naka ne, ba wanda ya ce ba naka ba. Amma hanyar nan ta girme ni, kuma tana da aikinta. In kaka ta wuce, mukan..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na shiga ɗaki na ɗauko takarda, na shimfiɗa masa a tabarma, na bi layukan da yatsa ina yi masa bayani kamar ɗan firamare. Na ce a zamanin nan rigakafi ya fi magani, shi ma ya ga abin da ke faruwa a ƙasa. Ya saurare ni har na gama, ya ɗauki sandarsa ya ce Allah ya kyauta. Har yau in na tuna yadda na katse dattijon nan a kan tabarmata, kunya nake ji.

Aka kewaye fili. Mata suka koma zagayawa ta bayan gonar wani, tafiyar ta ƙaru, da ruwa a ka. Ba wanda ya zage ni, gaisuwar dai ta gajarce. Dada kaɗai ba ta fasa ba. Takan tsaya a bayan waya ta ɗaga murya: "Safiyo, yaya fursunoni? Sun kwana lafiya?" Ni kuwa ina jin daɗin abina. Damina ta sauka, dashen suka yi sabon ganye ja-ja, sun kai mini gwiwa. Hanyar da ba ƙafar da ke takawa ta rufe ruf da gamba da tofa har ƙugu, na ce madalla, ƙasa ta koma wa mai ita.

Bayan kaka, wata Jumma'a, na dawo Dubeli don in yi salla in ga iyali. Ina cin abincin rana waya ta yi ƙara. Jauro ne. Bai yi doguwar gaisuwar nan tasa ba, ya ce in zo yanzu, wuta.

Tun daga kwalta na hango hayaƙin. Da na isa, rabin ƙauyen na cikin filina, maza da ɗanyun rassa a hannu, mata da bokitai, kowa ya yi baƙi ƙirin. Masu farautar gafiya ne suka sa wa daji wuta can yamma, iska ta koro ta. Da mutane suka rugo sai suka tarar da kwado, wayar kuma ba ta tsallakuwa. Wani daga cikin mutanen da suka gudo daga wajen Michika ne ya koma gida da gudu ya ɗauko gatari ya sare ƙarfe biyu, har wayar ta yage masa hannu. Ɗakunan sun tsira, rumfar ta tafi. Na wuce kowa na nufi gabas. Kejin ƙayar da na yi wa kowane dashe shi ya zama masa makamashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har sha ɗaya, ina kankare jikinsu da farce ko zan ga kore, ban gani ba. Na durƙusa a cikin tokar, sai na ji kamar yau Inna ta rasu.

Jauro ya bar ni na ɗan jima, sannan ya zo ya ƙarasa mini maganar da na katse. Kusan duk shekara wutar nan takan zo daga yamma. Shi ya sa in an gama girbi, kowane gida kan fito ya share gefen hanyar nan hagu da dama, a ƙone ɗan abin da ya rage da sanyin safiya. In wutar daji ta iso sai ta tarar da ƙasa tsirara, ta mutu a nan. A bana an share ko'ina, ban da inda waya ta hana. Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba, bai kuma ce ai na gaya maka ba, ko da yake da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai mai gatarin nan asibiti aka ɗinke masa hannu. Kwana biyu bayan gobarar na sa aka kwance wayar duka, na ba wa masu kaji da masu lambu. Turakan simintin na bar su, aikina ne, ba zan iya ganin an tone su ba, yanzu ma mata na ɗora tulu a kan ɗaya su huta. Kafin wata ya zagayo ƙafa ta sake buɗe hanyar. Gaisuwa ta koma tsawonta. Na sake kafa rumfa, na shuka gwaiba da lemo inda mangwaron suka mutu, na kuma hana kaina zancen.

Na Dada kuwa, na san yana nan, ina ganinsa duk lokacin da na shiga ƙauye, amma sai in kau da kai, don ba ni da bakin tambaya. A ƙofarta ta dasa shi, inda take zubar da ruwan wanke-wanke, ta kifa masa tsohon kwando saboda awaki. Duk macen da ta dawo daga rijiya kan ɗan tsiyaya masa abin da ya rage a gindin jarka. Marar lafiyan nan ya miƙe, ya wuce ta, ya wuce rufin ɗakinta.

Yanzu rabin mako a ƙauyen nake yi. Maiɗakina da ta yi mini dariya ta fi ni son wurin, tana da kaji da ɗan lambun yakuwa, kuma ba ta yarda a tuna mata abin da ta ce. Tsoro bai ƙare a ƙasa ba, ya dai sauya kama, yanzu zancen masu satar mutane ake yi. Amma baƙo bai isa ya sauka daga kwalta ba sai labarinsa ya riga shi isowa rumfata, da launin rigarsa da gidan da ya tambaya, kuma matan hanyar nan ne ke kawo mini. In an gama girbi ni ma nakan fito da fartanyata a yi sharar gefen hanya, ana yi mini dariya don har yau ban iya riƙe ta daidai ba.

A bazarar shekara ta shida bayan gobarar, ina zaune da hantsi sai ga Dada ta biyo hanya tana dogara sanda, da ɗan kwano a rufe da faifai. Ta aje a gabana ta buɗe. Mangwaro ne guda biyar, ƙanana, sun nuna.

"Marar lafiyanka ya haihu," ta ce. "Na farko ya faɗi jiya, na ba wani mai keke yana wucewa, don na farko ba na mai gida ba ne. Wannan naka."

Ban taɓa ba ta labarin al'adar Inna ba. Na ɗauki ɗaya, ko wankewa ban yi ba, na gatsa. Zaren ya shiga tsakanin haƙorana, zaƙin ya tafi har kunne, shi ne, bai canza ba ko kaɗan. Hawaye suka zubo mini, ni da furfurata. Dada ta juya baya ta kama korar wata akuya da ba ta yi mata laifin komai ba, har sai da na share fuska.

Ƙwallayen biyar ɗin ban sa su a leda ba. Da ruwan farko ya sauka na shuka su a bakin hanyar, taku goma-goma, inda hannun mai wucewa zai kai.