Mai Walda da Wutar Sama

Shekara arba'in Mai Walda yana gaban wuta, har girarsa ta ƙone. 'Yarsa kuwa aikinta lissafa yadda matattun taurarin ɗan'adam ke kamawa da wuta su tarwatse in sun faɗo daga sama. Ran nan ta nuna masa zanen ɗaya daga cikinsu a shagonsa, ta ce tankinsa zai fara narkewa.

"Ke, in ji wa?" Ya dangwala baƙin yatsa a wata mahaɗar ƙarafa a zanen. "Walda ke fara saki, ba ƙarfe ba!"

Ta sake lissafi. Ranar faɗowar ta bugo waya tana ihu: "Baba, a mahaɗar nan ya rabe!"

Ya yi wurgi da tabarau, ya ƙwala wa maƙwabta kira: "Ku zo ku ji, wutar sama ma irin tamu ce!"