Rawayar Wayar da Na Ƙara

Har gobe ban mantawa da wata Alhamis a watan Maris na 2006, kwana biyu kafin a yanke hukuncin ko zan zauna a wannan sana'a ko zan tattara in koma inda na fito. Ku da kuke zaune a bencina yanzu kuna cewa na cika tambayar "me ya sa aka yi shi haka?" kafin in bar ku ku taɓa abu. To, ga inda na samo ciwon.

Kafin in san kwamfuta, shekara goma sha biyu na yi ina wayarin ɗin gidaje a Anguwan Rogo da ke Jos. Maigidana Baba Ɗantala, Allah ya jiƙansa, ƙa'idarsa biyu ce: launi ya bi launinsa, kuma ba a barin waya ba abokiyar haɗi. In ya duba aikinka ya ga inda ka tsallake, ƙeyarka ce za ta ji bayan filaya. Wannan karatu ya shige ni har ɓargo, kuma ina alfahari da shi.

Da aikin wayarin ya ja baya, sai na nemi gurbi a shagon Oga Obinna, mai gyara da haɗa kwamfuta kusa da kasuwar Katako. Iyayensa mutanen kudu maso gabas ne, amma a Jos aka haife shi. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai a wurinsa kowa da komai namiji ne, har matarsa. Tsarinsa a fili yake: wata uku na gwaji. Ranar ƙarshe, ko ya miƙa maka makullin shago ka zama ɗan gida, ko ya miƙa maka hannu ku rabu lafiya. Ina da shekara talatin da uku, da mata da 'ya'ya biyu, kuma na riga na yi wa tsofaffin abokan aikina cika baki cewa ni da hawa tsani har abada. Gwajina zai ƙare ranar Asabar ɗin makon nan da nake ba ku labari.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba. A cikin akwatin kwamfuta akwai 'yar fanka da ke hura wa ƙwaƙwalwarta iska. Fankar wancan zamani wayoyi uku gare ta, ja da baƙa da rawaya, kuma ana cusa su a wani ɗan soket a jikin babban allon da muke kira madabod. In kana son fanka biyu amma soket ɗaya ne, sai ka sa waya mai reshe: kai ɗaya a allo, baki biyu ga fankoki.

Mako biyu kafin ranar, kaya suka iso daga Legas, har da irin wannan waya guda goma sha biyu. Ni aka sa in duba. Na ɗauki ɗaya sai na ga reshe guda yana da wayoyinsa uku cif, ɗayan kuwa ja da baƙa kawai, babu rawaya. Na biyu haka, na uku haka, duka haka. Raina ya ɓaci da ha'incin mutane.

Na ce, "Oga, zo ka ga yadda ake cutarka. Sun rage waya ɗaya a kowace."

Ya juya ta a hannu, ya ce, "Chineke! Har waya ma suna sata?"

Na ce kada ya wahalar da kansa da mayarwa, a bar ni da su. Wuni guda na yi ina yanko rawayar waya daga matattun fankoki, ina narka dalma, ina cike giɓin da kamfani ya bari. Aiki ya yi kyau, in ba a gaya maka ba sai ka rantse haka suka zo. Oga ya dafa kafaɗata yana cewa, "Wannan hannu na injiniya ne." Da na koma gida, har matata Maimuna sai da na ba ta labarin yadda na gyara wa Turawa kuskurensu.

Ranar Litinin Madam Rifkatu ta kawo kwamfutarta. Sana'arta tace bidiyon biki, a wani ɗaki mai rufin kwano a saman bene, tagarsa na kallon masu yankan katako. Mutane kan ce sanyin Jos ya ishi kwamfuta, amma ba su shiga wannan ɗakin a watan Maris ba. In ta sa injin ya haɗa fim na awa biyar ko shida, sai zafi ya kashe shi a tsakiya. Tana da bidiyon wani aure da dangin amarya za su karɓa ranar Asabar kafin su koma garinsu. Oga ya ce wannan aikina ne ni kaɗai, kuma na san abin da yake nufi: jarrabawar ƙarshe ke nan.

Na buɗe, na kakkaɓe garin katako da ya cika cikinta, na ɗaura fanka ta biyu a bayan akwatin. Soket ɗaya ne a allon, saboda haka na zaro ɗaya daga cikin wayoyin da na "gyara" na haɗa. Fankoki biyu suka tashi, iska na kaɗawa. Na bar ta minti goma, na rufe, Madam ta ɗauka tana sa albarka.

Talata da hantsi sai ga ta a bayan ɗan acaɓa, kwamfuta a cinya.

"Malam Haruna, da sai ta yi awa uku take mutuwa. Yanzu ko rabin awa ba ta yi. Ta yi ta kuka ƙit-ƙit-ƙit, sai ɗif!"

Muka kunna, muka shiga shafin da allon ke nuna lafiyar kansa. Zafi daidai, wuta daidai. Amma lambar gudun fanka ta haukace: yanzu dubu biyu da ɗari shida, ka ƙifta ido ta haura dubu tara, sai ta faɗo sifili. Irin wannan allo kuwa an tsara shi ne in ya ga fanka ta tsaya ya yi ƙara, sannan ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ga fanka tana juyawa a gabanmu, shi yana rantsuwa ta mutu.

Talata da Laraba muka yi muna canje-canje. Muka sa sabuwar fanka, muka canja akwatin wuta, har wayar reshen na canja da wata 'yar uwarta daga aljihun tebur. Shiru. Alhamis da safe Oga ya yanke cewa allon ne ya lalace, sai an aiko da wani daga Legas, kuma ba zai iso ba sai Litinin. Madam Rifkatu ta zauna a kujerar baƙi ta yi tagumi. Ba ta yi faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Me zan gaya wa uwar amarya?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan azahar Oga ya fita cin abinci, na zauna ni da kwamfutar. Ba wata dabara ce ta zo mini ba, gajiya ce ta sa na zare fankar baya don in samu wurin sa hannu. Na ɗaga kai sai na ga lambar ta tsaya cak a dubu biyu da ɗari shida. Na mayar, ta haukace. Na zare ta gaba na bar ta baya, lamba ta sake nutsuwa. Ke nan fankoki lafiya, allo lafiya. Abu ɗaya ya rage a tsakaninsu, kuma hannuna ne ya yi shi.

Na sa mitar awon wuta. Ja na kawo wuta, baƙa na mayarwa. Rawaya kuwa ba ta kai wa fanka komai, allurar mita sai rawa take yi daidai da juyin fankar. Nan na gane. Ashe rawaya ba wuta take kaiwa ba, rahoto take dawowa da shi: duk juyin da fanka ta yi sai ta sanar da allo, shi kuma ya ƙirga. Ni na haɗa bakin fanka biyu a kunne ɗaya, kamar mutum biyu suna ƙirga maka buhuna a lokaci guda kowa da nasa saurin. Masu kamfani ba sata suka yi ba. Da gangan suka bar ɗaya ta yi shiru.

Na sa filaya na datse rawayar da na ƙara, na naɗe bakinta. Fanka biyu na juyawa, lamba ko motsi.

Zan gaya muku gaskiya, shaiɗan ya zauna kusa da ni a bencin nan. Oga ba ya nan, Madam ta tafi. Ina iya cewa na taɓa wani abu a allon ya warware, in zama gwani, in karɓi makullina ranar Asabar. Sauran wayoyin sai in bi su ɗaya bayan ɗaya a ɓoye. Amma da na ƙirga na aljihun tebur sai na tuna an sayar da biyu: ɗaya ga wani mai shagon buga takardu a wajen unguwar Abattoir, ɗaya ga wani malamin makaranta. Oga kaɗai ya san inda suke. In na yi shiru, za su yi ta zargin injinsu, wataƙila wani ya jefar da allo mai lafiya. Na ji tsoro ƙwarai, don fuskar Maimuna kawai nake gani.

Oga ya shigo yana sakace. Ya kalli lambar, ya washe baki.

"Haruna! Ya tashi? Me ka yi masa?"

"Oga, ni ne na kwantar da ita tun farko."

Na ɗora masa wayar a hannu, na yi bayani daga farko har ƙarshe, har da biyun da aka sayar. Ya shiga jujjuya ta yana dubawa. Ni kuwa har na fara tunanin wanda zan roƙa ya ara mini tsani.

Can ya ce, "Duka goma sha biyu?"

"Duka, Oga."

"Kuma ni na ce hannun injiniya?"

"Ka faɗa, Oga."

Sai ya fashe da dariya har yana riƙe tebur. "Shekara tara ina wannan aiki, ban taɓa tambaya rawaya me yana yi ba. Na kira mutumin Legas na ce masa ɓarawo! Abeg, ɗauko filaya."

Dariyar ba ta hana shi hukunci ba. Ya goya ni a babur ɗinsa, muka je Abattoir, muka je gidan malamin, kuma a ko'ina sai ya ja gefe ya ce, "Yi bayani da bakinka." Mai buga takardun har ya kai tasa kwamfutar wurin wani mai gyara sau biyu. Na sha harara, na datse waya, na ba da haƙuri. Da la'asar muka kai wa Madam Rifkatu tata. Ranar Juma'a kwamfutar ta yi awa shida tana aiki ba ta yi tari ba, washegari dangin amarya suka tafi da faifansu.

Duk da haka ban san matsayina ba, don Oga bai tada zancen makulli ba. Asabar da yamma, bayan mun share shago, na wanke hannu na tsaya ina jiran a miƙo mini hannun sallama.

Oga ya ce, "Wanda ya iya gyara, akwai shi da yawa a Jos. Wanda zai ce ni ne na ɓata, tun da na buɗe shago kai ne na farko."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake son ku riƙe. Ilimin da ka zo da shi daga wata sana'a yana da amfani, amma in ka ga giɓi a aikin wani, tambayi dalili kafin ka cike shi. In kuwa ka riga ka cike, to ka riga kowa faɗa. Mutanen wannan sana'a sun fi yafe kuskure fiye da yadda kuke zato, ɓoyewa ce ba sa yafewa.

Oga ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya ajiye a tafina. Bai saya masa zobe ba. Guntuwar rawayar wayar da na datse ya zura a ramin ya murɗe. Ga shi nan a aljihuna, shago ya canja ƙofa sau biyu amma ban kwance ta ba.