Ranar da Aka Fasa wa Sabon Hedimasta Kai

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Gadau in ka baro Azare, aka aiko mana sabon hedimasta. Makarantar nan mutanen gari ne suka gina ta. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mata suka ɗebo ruwa. Daga baya hukuma ta karɓa, ta yi rufin kwano, ta fara biyan malamai. Don haka kowane ɓangare yana ganin tasa ce.

Tsohon hedimastanmu ɗan gari ne, ba a suna ko jana'iza ba shi. Amma da damina ta sauka sai ya kwashe manyan yara zuwa gonarsa ta gero, kuma da yawa cikin 'yan aji shida ko sunansu ba su iya rubutawa. Masu duba makarantu suka zo daga Bauchi suka tarar da azuzuwa wayam. Ba a jima ba muka ji an ɗauke shi, an turo wani daga Misau. Ba a tuntuɓi kwamitin iyaye ba, ba a tuntuɓi dagaci ba.

Shugaban kwamitin iyaye wani Alhaji ne mai fataucin gyaɗa. Ya tara jama'a a gindin darbejiyar ƙofar makaranta, ya ce, "Mu muka gina ta, 'ya'yanmu ne a ciki. Mun san laifin Malam, amma in za a cire shi, a tambaye mu." Gaskiya ya faɗa. Sai dai samarin da ke wurin ba haka suka fahimce shi ba. Yayana na cikinsu.

Ranar Litinin da safe na iske an ɗaure ƙofar makaranta da sarƙa da kwaɗo. Yara sun yi cirko-cirko a waje, samari kuma sun jeru da gorori. Can sai ga sabon hedimasta a kan babur, dattijo siriri mai tabarau, sanye da farin kaftani. Ya kafe babur ɗinsa ya yi sallama. Ba wanda ya amsa.

"Bayin Allah, turo ni aka yi," in ji shi. "Ku buɗe yara su shiga, mu zauna mu yi magana."

"Koma wajen wanda ya turo ka!" wani ya daka masa tsawa.

Ban ga wanda ya jefa dutsen ba. Ƙararsa kawai na ji a goshin dattijon. Tabarau ya tarwatse, ya dafe ido, jini ya ɓalle ta tsakanin yatsunsa ya gangaro kan kaftani. Ya durƙusa. Suka rufe shi da duka, gora a baya, gora a haƙarƙari, wasu na shuri. Wani ya kayar da babur ya buɗe tanki ya kyasta ashana. Yara suka watse suna kururuwa, aka tattake wata 'yar ajina a bakin kwata.

Na kutsa cikinsu na faɗa a kan dattijon, ina jin numfashinsa yana gurnani a ƙarƙashina. Da na ɗaga kai sai na ga yayana ya ɗaga gora, idonsa jawur.

"Yaya, ni ce!" na ce, na tare da hannu.

Gorar ta riga ta taho. Na ji ƙashin hannuna ya ce ƙas. Ya saki gorar ya tsaya yana kallona, baki buɗe. Daidai nan Alhaji ya iso da gudu, ba hula, yana ture samari yana ihu, "Wannan na ce ku yi? Kun kashe mu!"

A bayan motar gyaɗarsa aka kai mu asibiti a Azare, ni da hedimasta da yarinyar. Da azahar 'yan sanda suka shiga garin da barkonon tsohuwa, suka kwashe samari, har da waɗanda suke gona lokacin da abin ya faru. Hukuma ta rufe makarantar zango guda. Idon hedimasta na hagu bai sake gani ba.

Bayan watanni aka yi zama a Azare, jami'an ilimi da dagaci da iyaye. An yi cacar baki har la'asar. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa naɗa hedimasta na hukuma ne, amma ba za a sake ɗauke kowa ba sai an saurari kwamiti, kuma shi kwamitin, iyaye ne za su zaɓi mutanensa da ɗaga hannu, mata ma a ciki. Alhaji bai sake tsayawa neman shugabancin kwamitin ba.

Abin da ba mu zata ba, dattijon nan ya dawo. Ya ce shi aka turo, kuma bai gama aikinsa ba. Ya yi shekaru tare da mu, yara suka fara cin jarrabawar shiga sakandare.

Yayana kuwa da aka sake shi bai kwana a gida ba. Ya tafi Potiskum ya kama aikin lodi a tasha. Innarmu ta yi ta aika masa ya dawo, ni ma na aika cewa na yafe. Bai zo ba sai ranar jana'izarta, kuma ko a ranar, daga zaure ya gaishe ni.